Kwanan Watan Fayil Ba Abin Dogaro Ba Ne

Mai rubuta manhajar intanet da harshen PHP, in yana son ware fayilolin da aka gyara cikin mako guda, yakan jero su da scandir, sannan ya tambayi lokacin gyaran kowanne da filemtime. Amsar lamba ce zalla: daƙiƙun da suka shuɗe tun 1 ga Janairun 1970. Sai ya gwada ta da lokacin yanzu.

Hanyar tana da sauƙi, amma bai kamata a saki jiki da ita ba. Kwafar fayil da umarnin cp a Linux, in ba a haɗa da -p ba, tana ba shi sabon kwanan wata, haka ma Git ke yi wa abin da ya sauko da shi. Nan take rahoton bara ya koma kamar na jiya. Wasu kuma suna ɗaukar filectime a matsayin ranar ƙirƙira, alhali a Linux canza izinin fayil kaɗai yana motsa shi.

Haɗarin ya fi girma in manhajar goge tsofaffin fayiloli take yi. Rasit ɗin da umarnin rsync -a ya kawo yau yana riƙe da tsohuwar ranarsa, sai a share shi daren nan. Kamfanin da ke adana takardun kwastomomi gara ya rubuta ranar shigowarsu a rumbun bayanai.