Koren nan da kuke gani a gem ba dare ba ne, rana ce aka shafa wa fenti

Zare ne mai ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Magana ce a kan tabarau ɗin ganin dare da ake sakawa a wasannin tuƙa jirgin yaƙi na kwamfuta, da dalilin da ya sa nake cewa yawancinsu ƙarya suke koya wa yaranmu. 🧵

Akwai masu ƙorafi duk sanda mai haɗa gem ya yi ƙoƙarin gyara abin ya yi kama da na gaske. Wai hoton ya yi dishi-dishi, wai an rage musu fili, wai an ɓata musu nishaɗi. To ni da su nake. Abin da kuke so a dawo muku da shi shi ne matsalar.

Bari mu fara da yadda na gasken yake aiki. Tabarau ɗin ba ya ƙirƙirar haske. Ɗan abin da wata da taurari suka bayar yake tattarawa, ya mai da shi lantarki, ya ninka shi sau dubbai a cikin wani siririn faifai mai ƙananan ramuka, sannan ya haska shi a wani ɗan allo gaban idonka. Allon ne ke ba da koren. Sababbi ma fari da baƙi suke nunawa.

Ma'ana idan babu wata, ga gajimare, babu abin kirki da za a ninka. Hoton sai ya cika da tsaki-tsaki yana ƙyalƙyali, irin talabijin ɗin da in tasha ta ɗauke.

Faɗin gani fa? Irin wanda matuƙa suka fi sawa a hular kwano digiri 40 kacal yake nunawa. Idon ɗan Adam kuwa, daga gefe zuwa gefe, yana kusan digiri 200. Naɗe takarda ka yi bututu biyu, ka ɗora a ido, ka ce za ka tsallaka titi a Ƙofar Doka da yamma. Haka matuƙi yake, sai dai shi yana sama kuma yana gudu. Dole ya yi ta juya kai ba hutawa, ga nauyi a goshi yana jan wuya.

Akwai mai ido huɗu da ke kai wa digiri 97, wanda aka fi sani bayan samamen da Amurka ta kai wa Usama bin Laden a 2011. Ko shi bai kai rabin idonka ba.

Sai auna nisa. Launi ɗaya ne, inuwa ta canja, rami da tudu suna iya zama abu guda. Wayar wuta ba ta cika fitowa ba sai ka zo dab da ita. Fitila mai ƙarfi kuma sai ta kumbura ta yi rawani, na'urar ta rage ƙarfinta don kare kanta, duk abin da ke kusa da fitilar ya nutse cikin duhu. Wani abin mamaki: wasu jajayen fitilun LED da idonka ke gani ƙarara, tabarau ɗin ba ya kama su.

Yanzu ka kunna gem. Ka danna maɓalli ɗaya, duniya ta koma kore, tas-tas, har ganyen bishiya kana ƙirgawa. Malam, wannan ba dare ba ne. Hoton rana ne aka zuba masa kalar alayyafo.

"To ai wasa ne." Na ji. Amma ku faɗa min, a ina saurayi ɗan Babban Dodo ko Kwarbai ya taɓa ganin yadda ƙasa take daga idon matuƙi da dare? A gem da fim kaɗai. Abin da ya gani can shi zai ɗauka ilimi, da shi zai yi musu a majalisa, da shi zai yanke hukunci ranar da aka ce jirgi ya yi ɓarna.

Ku tuna Call of Duty 4 na 2007, wurin da kake harbi daga jirgin AC-130 ta kyamarar zafi. Naka suna walƙiya don ka gane su, sauran masu gudu kusan duk abokan gaba ne. Gem ɗin ya riga ya rarrabe maka. Aikin da ya fi kowane wuya a yaƙin sama, wato gane wane ne wancan, an yi maka shi kyauta.

Kada a haɗa su, kyamarar zafi daban, tabarau daban. Ita zafin jiki take gani ba haske ba, ko babu wata tana aiki. Amma ita ma tana da makantarta. Mutum a cikinta farin ɗigo ne mai motsi. Ba ta nuna fuska, ba ta nuna launin riga, kuma daga nesa sanda da bindiga 'yan uwan juna ne.

Ɗauki cikin birnin Zariya. Katangar ƙasa tana shan rana wuni guda, ta kwana tana fitar da zafi. Rufin kwano kuwa rana na faɗuwa ya huce. Ga lungu wanda babur biyu ba sa wuce juna, ga zaure, ga rumfa, ga awaki kwance gindin bango, ga janareta yana huci, ga murhun mai shayi, ga tukubar mai tsire. Wajen magariba da bayan asuba zafin abubuwa kan zo daidai da juna, hoton ya dame. Tsakanin Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana kaɗai akwai abin da zai rikita ƙwararre.

Sannan ga hunturu. Duk ɗan Zazzau ya san ranakun da hazo ke sauka har dutsen Kufena ya ɓace da rana tsaka. Tabarau ɗin ba ya huda ƙura. Mafi muni, matuƙi yana iya shiga cikinta bai ankara ba, don na'urar tana ta ƙara ƙarfi tana ɓoye masa cewa haske na raguwa.

Wannan ba hasashe ba ne. A Afrilun 1980 Amurka ta tura helikwafta takwas da dare cikin hamadar Iran don kuɓutar da mutanenta da ake tsare da su a Tehran. Suka afka cikin guguwar ƙura, shiri ya wargaje, aka fasa aikin, wajen janyewa helikwafta ya yi karo da jirgin dakon kaya, sojoji takwas suka mutu. A Janairun 2025 kuma helikwaftan soja ya yi karo da jirgin fasinja a kan kogin Potomac a Washington, mutum 67 suka rasu, masu bincike kuma suka ce ga dukkan alamu matuƙan helikwaftan suna sanye da tabarau ɗin, a saman gari mai cike da fitilu. Masu ƙera abin ke nan fa.

Mu dawo gida. Daren 3 ga Disamba 2023, Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi, nan jiharmu ta Kaduna. Jama'a na taron Maulidi, jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya sakar musu bam. Hukumar NEMA ta ce an binne mutum 85. Rundunar ta amsa cewa nata ne, kuskure ne, shugabanta na lokacin Janar Taoreed Lagbaja ya je ya ba da haƙuri. Allah ya jiƙansu.

Wanda ke sarrafa irin wannan jirgi ba tabarau yake sawa ba, allo yake kallo. Amma cutar ɗaya ce: yarda cewa abin da na'ura ta nuna maka da dare ya isa hujja.

Kuma kada wani ya juya min magana. Ba uzuri nake nema wa kowa ba, akasin haka ma. Idan ka san na'urarka ba ta bambanta taron Maulidi da taron 'yan bindiga, to ba ka da hurumin danna komai sai wani a ƙasa ya tabbatar maka. Raunin na'ura nauyi yake ƙara wa mai ba da umarni. Wanda ya taso yana ganin kore tas-tas ne kaɗai zai ɗauka tabbatarwa ɓata lokaci ce.

Shi ya sa simileta ta gaskiya take da amfani. A cikinta ake so mutum ya ruɗe, ya ɗauki tudu rami, fitilar mota ta makantar da shi, ya ga ɗigo ashirin ya kasa cewa su wane ne, malami ya tsayar da shi ya ce: to yanzu me za ka yi? Amsar da ake so ya koya ita ce "ban gani ba, ba zan harba ba." Simileta da ke ba ka maki kawai don ka samu abin da ka nufa, mai saurin hannu take horarwa.

Abin haushin shi ne Zariya ba baƙuwar wannan harka ba ce. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tana nan tun 1964, kullum ƙananan jiragenta na shawagi a kanmu. Ta farar hula ce, na sani, ba ta yaƙi ba. Amma ga ABU da ɗaliban kwamfuta da injiniya, ga makarantar horar da matuƙan sojan sama a Kaduna, tafiyar da ba ta kai wuni ba. Najeriya ta karɓi Super Tucano 12 daga Amurka a 2021. Sayen ƙarfe mun iya.

DCS World, wanda masu son abin da gaske ke bugawa, yana da taswirar Kaukasus, da Siriya, da yankin Tekun Fasha, da Nevada. Ƙasar Hausa babu. Babu rugar Fulani, babu kasuwar dare, babu jerin babura masu rakiyar amarya, babu almajirai zagaye da wutar kara suna karatun dare. Kamfanin waje ba zai zana mana waɗannan ba, don bai san da su ba. Ɗan Unguwar Juma ya sani.

Saboda haka masu haɗa gem da masu yi musu kwaskwarima, musamman namu na gida da suka fara taɓawa: ku matse filin zuwa digiri 40, ku bar fitila ta kumbura, ku sa daren da babu wata ya zama azaba, ku zuba hazon Janairu. Ku sa taron biki a tsakiyar taswira ba tare da wata alama a kansa ba, wanda ya harba kuma a cire shi daga wasan gaba ɗaya. Masu kukan an ɓata musu nishaɗi, akwai tseren mota, ku koma can.