Mu San Masu Cin Katantanwa Kafin Mu Sayi Magani

'Yan'uwa manoma na ƙungiyoyinmu na Kamarawa da kewaye, ga wata magana da na ke so mu tauna kafin a shiga aikin lambu na bana. Duk sa'ad da zancen katantanwa ya taso a wurin taro, tambayar ɗaya ce: wane magani za a saya, nawa ne kuɗinsa? Ni kuwa ina ganin akwai tambayar da ta riga wannan. Wa ke cin katantanwa a fadamarmu, kuma me mu ke yi masa?

Da fari sai mu bambanta iri biyu. Akwai dodon koɗi na tudu, wanda ke fitowa da dare inda ƙasa ke da laima, ya cinye ɗanyen tsiro a wurin renon iri. Ɓarnarsa a fili ta ke, da safe za ka ga ganye ya huje, ga kuma sawun yauƙinsa yana ƙyalli. Sa'an nan akwai 'yar ƙaramar katantanwa ta ruwa, wadda ba ta fi ƙwayar wake ba, tana manne a ƙarƙashin ganyen bado da ciyawar bakin tafki. Ba ta taɓa albasar kowa, amma ita ce ta fi mugunta. Idan mai tsargiya ya yi fitsari a ruwa, ƙwan cutar ya ƙyanƙyashe, cikin jikinta tsutsar ke shiga ta hayayyafa, ta fito ta huda fatar yaron da ke wanka ko mai ban ruwa da ke tsaye cikin tafki. Wata 'yar'uwarta kuma ita ke rainon tsutsar da ke lalata hantar shanu da tumaki. Ƙasa irin tamu, inda gulbin Bunsuru da Gagare da Rima ke barin tafkuna a baya kowace shekara, gida ce gare su.

To, su wa ke cinsu? A kan tudu, na farko shi ne damo, sarkin haƙuri. In ya girma haƙoransa na baya su kan yi dakushi, ya riƙa murƙushe koɗi kamar mai tauna gyaɗa. Guza ma haka ta ke yi a bakin ruwa. Bushiya tana yawo da dare daidai lokacin da dodon koɗi ke fitowa, kwaɗo kuma yana haɗiye ƙanana. Ba sai ka gan su ido da ido ba. In ka tarar da ɓawon koɗi a farfashe a gindin shinge, ko ka ga ɓarɓashinsa cikin kashin dabba, ka san kana da mai gadi wanda ba ka biya ba. In kuwa ka ga manyan ɓawo da yawa a bakin tafki, babu kome ciki amma ba su fashe sosai ba, mai yiwuwa aikin wani baƙin tsuntsu ne mai kama da shamuwa, wanda tsakiyar bakinsa ba ya rufuwa. Shi manya ya ke nema, ƙananan nan na tsargiya ba su dame shi ba.

Su ƙananan sai kifi. Gaiwa tana da haƙora masu ƙarfi kamar dutsen niƙa, katantanwa kuwa tana cikin abincinta. Ƙurungu yana kiwo a ƙasan ruwa yana tsintarsu, tarwaɗa ma ba ta ƙi ba. Wanda bai yarda ba, ran da uwargida za ta gyara ƙurungu ya ce ta fasa masa tumbin ya duba.

Yanzu mu dubi kanmu. Da kaka yara su cinna wa ciyawar bakin fadama wuta domin su kama damo. Bushiya in an gan ta sai jifa. Da ruwa ya janye, a bi laka a tone gaiwa ɗaya bayan ɗaya. Mafi muni, akwai masu zuba maganin ƙwari cikin tafki domin kifi ya taso. Dattawa sun tuna zamanin gamalin, wanda ƙasashen duniya suka sa cikin magungunan da aka hana a 2009, amma ɗabi'ar ba ta mutu ba, kwalbar ce kaɗai ta sake. A yini ɗaya a kashe uwa da 'ya'ya. Katantanwar da ta tsira cikin laka kuwa, da ruwa ya wanke sai ta ci gaba da ƙwai, babu sauran mai tsare ta.

Kada a ce wannan tsammani ne kawai. A ƙasar Sanagal an gama madatsar ruwa ta Diama a 1986, kusa da inda kogin ke shiga teku. Akwai wani babban jatan lande a kogin nan mai cin katantanwa, wanda ba ya iya haihuwa sai ya gangara ruwa mai ɗan gishiri. Madatsar ta tare masa hanya, ya ɓace daga sama, ruwa kuma ya kwanta, ciyawa ta yi yawa. A 1988 tsargiya ta hanji ta ɓulla a garin Richard Toll, ta zama annoba. Daga baya masu bincike suka mai da jatan landen a wata mashaya ta ƙauyen Lampsar, a 2015 suka ba da rahoto cewa katantanwa ta ragu, cutar kuma ta yi sauƙi a jikin mutane. Mu da mu ke da Bakolori da Goronyo a yankinmu, labarin nan namu ne.

Wani zai ce, ashe sai a kawo mana wata dabba daga waje. A'a. A 1955 an kai wani dodon koɗi mai cin 'yan'uwansa tsibirin Hawayi domin ya rage babban koɗin Afirka. Sai ya bar wanda aka aike shi ya koma kan ƙananan na ƙasar, ya kusa ƙarar da su. Namu na gida sun isa.

Na san abin da ke zuciyar waɗansu. Damo nama ne, gaiwa kuɗi ce, ga shi rashin tsaro ya ƙuntata noma da kasuwa a ƙasar Isa da Sabon Birni, wa zai hana mai iyali abin sa wa a miya? Gaskiya ne, ba na kuwa cewa a daina su. Na kuma yarda kifi ba zai warkar da yaron da ya riga ya kamu ba. Wannan sai a kai shi asibiti a ba shi ƙwayar magani, a kuma yi ta gargaɗi kan fitsari a ruwa. Amma a wannan lokaci da malamin gona bai cika samun zuwa ba, magani kuma ya yi tsada, wauta ce mu kori mataimakan da ke tare da mu.

Ga abin da na ke roƙon kowace ƙungiya ta kawo a taronta na gaba. A haɗa kai da masunta da mai gari, a hana zuba kowane irin magani a tafki, a sa tara mai zafi. Tafkin da yara suka fi wanka a ciki a keɓe shi, kada a kwashe kifinsa ƙarƙaf, kada a tone gaiwarsa. A bar ɗan tarin ƙaya da kara a kusurwar lambu inda bushiya da kwaɗo za su fake da rana. Matan ƙungiya masu agwagi su sake su cikin lambu kafin a dasa da kuma bayan an cire amfani, gama agwagwa gwanar tsintar katantanwa ce. Sai dai kada a bar ta ta shiga sa'ad da iri ke ƙarami, za ta tattake shi da faffaɗar ƙafarta. A waɗannan makonni sai maigida ya ɗauki tocila bayan almuru, ya tsince dodon koɗin da hannu, ya zuba wa agwagin da safe.