A Gyara Mana Mararrabar Mayanci Da Ta Ɗaki Takwas

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan hanyar da mu 'yan tireda na Anka, Bukkuyum da Gummi muke bi da kayanmu.

Duk wanda ya fito daga Gusau zai saki babban titin Sakkwato a Mayanci, ya bi ta Anka har Ɗaki Takwas, inda hanya ta rabu, ɗaya Gummi, ɗaya Zuru. A irin waɗannan mararrabu ake sauke fasinja, nan 'yan kabu-kabu ke jira, nan yara ke talla. Wato tasha da kasuwa da babban titi sun haɗu wuri guda.

In aka yi haɗari sai a ce direba ne ya yi ganganci. To, ban wanke direbobi ba, amma a duba lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya kai ƙafa birki, ai ya riga ya wuce teburin mai shayi. Kuma kowa ya sani, tsoron 'yan bindiga ne ke sa da yawansu take wuta a dajin nan, su shigo gari da wannan gudun.

Shi ya sa ban goyi bayan masu cewa a zuba tudun rage gudu ko'ina ba. Tudu a tsakiyar daji tarko ne, ɓarayi kawai aka yi wa aiki. A bakin gari ya kamata a sa shi, a shafa masa fenti, da allon gargaɗi tun daga nesa. A mararrabar kuwa a yi shataletale, don shi ke tilasta wa kowa sassautawa, ko da jami'i ko babu. A ware wa motoci wurin lodi a gefe, mu ma masu tebur a ja da mu baya, ko da ciniki zai ɗan ragu.

Tun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, amma jami'inta ba ya kwana kan titi. Ina kira ga Ma'aikatar Ayyuka da shugabannin ƙananan hukumominmu su turo injiniyoyi su ga wuraren nan ranar kasuwa, wajen la'asar.

Naku,
Wani ɗan tireda,
Dareta, Ƙaramar Hukumar Anka, Jihar Zamfara.