Yabon Ingilishi na dā, da ma'auninsa yake tafe

A makon da ya shige wani ƙanena da ya samu bakaloreya ya kawo mani wata takarda domin in duba mashi. Takardar shaida ce wadda malaminsa ya rubuta da Faransanci, shi kuma ya juya ta zuwa Ingilishi da nufin aika ma wata jami'a ta ƙasar waje. Malamin ya kira shi ɗalibi «excellent», amma yaron ya ga kalmar ta yi mashi kaɗan, sai ya buɗe wani tsohon ƙamus, ya tono kalmar «egregious», wadda ƙamus ɗin ya fassara da fitacce, ya sa ta a gurbin ta farko. Da takardar ta tafi haka, da an karanta cewa malamin da kansa ya shaida yaron ya yi fice wajen ɓarna, domin abin da kalmar take nufi ke nan a yau.

Asalin kalmar Latinanci ne. «Grex» shi ne garke, «egregius» kuwa shi ne wanda ya fita daban cikin garke, kamar bajimin sa da ake hangowa tun daga nesa. Lokacin da ta shiga Ingilishi a ƙarni na 16, yabo ce tsantsa. Amma kafin ƙarnin ya ƙare masu ba'a sun fara liƙa ta ga maƙaryata da wawaye, kamar yadda mu ma mukan ce ma wanda ya yi aika-aika «lalle ka yi ƙoƙari». A hankali ba'ar ta rinjayi yabon, har ta kore shi. Mutanen Italiya kuwa har yanzu da «egregio» suke buɗe wasiƙar girmamawa.

Wannan kuskure ne ya sa na zauna na bi sawun wasu tsofaffin kalmomin yabo na Ingilishi, waɗanda a yau sai cikin littattafai ko bakin dattawa ake yawan gamuwa da su. Abin da na lura da shi shi ne, masu nauyi daga cikinsu duk daga wurin awo da gwaji suka fito: daga rumfar maƙerin zinariya, da gidan buga kuɗi, da tashar jiragen ruwa.

Mu fara da «paragon», wato mutumin da ya kai matuƙa wajen wani hali na kirki. Kalmar ta taso daga Italiyanci, ta ratsa Faransanci, inda muka san ta da «parangon», sannan ta shiga Ingilishi a ƙarni na 16. A Italiya «paragone» sunan wani baƙin dutse ne da ake goga zinariya a kai, a dubi launin zanen da ta bari, a gane ta ƙwarai da ta jabu. Ke nan wanda aka kira da wannan suna shi ne dutsen da ake gwada sauran mutane da shi. Bahaushe ba zai sha wuyar fahimta ba, tun da shi ma yana da «zakaran gwajin dafi».

Sai «sterling», da ake cewa ga halin mutum mai amana ko aikin da babu algus cikinsa. Sunan kuɗin azurfa ne na sarakunan Ingila na dā, kuma har yau azurfar da ke ɗauke da wannan suna dole ta kasance kashi 925 cikin 1000 azurfa ce zalla, saura kuma yawanci jan ƙarfe. Shi ne sunan da ke manne da fam na Ingila. Tsofaffin ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram da suka yi safara zuwa Katsina da Kano kafin a fito da naira a 1973 ba su manta da lissafin fam da sule da kwabo ba.

«First-rate», wato mai daraja ta ɗaya, daga rundunar ruwa ta Ingila ta fito. An kasa jiragen yaƙi aji shida bisa yawan igwar da kowane yake ɗauke da ita, kuma a ƙarni na 18 jirgi ba ya shiga aji na ɗaya sai yana da igwa 100 ko fiye, jere bisa hawa uku. Jirgin Victory, wanda Nelson ya jagoranci yaƙin Tarafalga a cikinsa a 1805, igwa 104 gare shi, kuma har yanzu yana nan ajiye a Portsmouth. Haka nan «A1», wadda ta fito daga rajistar jiragen fatauci ta Lloyd's a birnin Landan. Masu ɗaukar lamunin kaya idan jirgi ya nutse suna bukatar sanin lafiyar jirgi kafin su sa hannu, saboda haka masu bincike suka riƙa ba gangar jikin jirgi harafi, kayan aikinsa kuma lamba. Alamar A1 ta fara bayyana cikin rajistar 1775 zuwa 1776, tana nufin jiki lafiya, kaya lafiya.

Akwai kuma waɗanda mai jin Faransanci zai gane su da gani ɗaya, domin tun da Giyom na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a har wajen shekara 300. «Peerless» na nufin marar tsara, kuma tushenta shi ne «pair» da muka sani. «Nonpareil» kuwa ko rigarta ba ta canza ba. Su ma awo ne: an nemi na biyunsa, an rasa.

To, a gefe guda ga wasu kalmomi da ba su da wani ma'auni bayansu sai yayi. A shekarun 1920 samari da ƴan matan Amurka sukan yabi abu da cewa shi ne «the bee's knees», gwiwoyin ƙudan zuma, ko «the cat's whiskers», gashin bakin kyanwa. Ƴaƴan masu hali na Ingila kuma suna da «spiffing» da «topping». Duk sun yi tashe, sun kwanta. Wanda ya faɗe su yau, raha yake yi ko kwaikwayon mutanen dā.

Wasu kuwa yawan hannu ne ya goge su, kamar tsohuwar dala da ta sha yawo har tambarinta ya ɓace. «Terrific» da can abin da ke sa firgita ne, «awesome» kuma abin da ke cika zuciya da tsoro da girmamawa. Yau ana faɗinsu ga takalmi da kwanon abinci. Faransanci ma bai tsira ba, domin «formidable» daga kalmar tsoro ta fito. Idan kowane abu ya zama abin al'ajabi, me za a ce ranar da abin al'ajabin ya zo da gaske?

Wannan tambaya ta shafe mu, mu da ke rubutu da magana gaban jama'a. Kowace safiya a gidajen rediyo da wuraren taro ana rabon «gwarzo» da «gagarabadau» da «haziƙi» kamar goron suna, ga wanda ya yi aiki da wanda bai yi ba. Gaskiya ne yabon gwani ya zama dole, amma magabata da suka faɗi haka su ne kuma suka ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Idan aka ci gaba da yabo babu awo, gwanin gaskiya shi ne zai yi asara, domin ranar da aka zo yabonsa za a tarar kalmomin duk sun riga sun ƙare a kan wasu.

Amma ƙanen nawa, na sa ya maida kalmar malaminsa inda take, kuma ya koma wurinsa ya roƙi a ƙara layi biyu: makin da ya samu a lissafi, da matsayinsa cikin aji shekara uku a jere. Waɗannan su ne igwa 104 tasa. Ga ɗalibanmu masu koyon Ingilishi kuma shawara ɗaya: kafin ku ɗauki kalma daga tsohon ƙamus, ku bincika ko har yanzu tana nan bisa ma'anar da aka san ta da ita.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.