Sabuwar Bindiga, Amma Da Lahani

A Amurka, mutum kan sayi ƙaramar bindiga sabuwa fil, ya kai ta gida ya tarar da aibi.

A 2014 kamfanin Remington ya fito da samfurin R51, amma cikin watanni ya janye ta saboda koken masu saye cewa tana cijewa. A 2017 kuma aka gano bindigar P320 na iya tashi idan ta faɗi ƙasa, sai kamfanin SIG Sauer da ya ƙera ta ya ce a kawo ya gyara kyauta.

Gyaran ganin dama ne, domin tun 1976 majalisar dokoki ta haramta wa CPSC, hukumar kare masu sayen kaya, sa baki kan bindigogi. Ya kamata majalisar ta soke wannan haramci.