Takalmin Kaboyi: Sabon Shiga da Tsohon Hannu

A jihar Texas ta Amurka, akwai masu zuba dukiya wajen tara takalman kaboyi. Sabon shiga ado ke ruɗarsa: fatar jimina ko ta kada, da ɗinki mai launi. Tsohon hannu kuwa kifa takalmin yake yi, ya nemi ƙusoshin katakon da ke nuna aikin hannu, ya tantance ko ƙirar Lucchese ce, kamfanin da aka kafa a 1883. Ya san tudun dunduniyar domin riƙe likkafa aka yi shi.

Abin takaici, wasu manyan sukan raina mai tambaya. Sun manta cewa ilimin da aka hana na baya, tare da mai shi ake binne shi.