RA'AYINMU: Lesin Na Gyara Ne, Ba Na Bulala Ba

Duk wanda ya zaga Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko Sabo ta Badun, ya san yadda harkar malaman lesin ta bunƙasa. Magidanta da yawa suna matse aljihu su biya domin a ƙara wa 'ya'yansu na firamare karatu bayan an tashi daga makaranta. Wannan abin yabo ne. Amma ya kamata mu tambayi kanmu, shin wane irin karatu muke saye da kuɗin nan?

Matsalar ɗan Arewa a Kudu daban take. A gida yana jin Hausa, a titi Yarbanci, a aji kuwa Turanci. Tun 2018 ma dokar Jihar Ikko ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantu. Bugu da ƙari, Jihar Yamma ta fara ilmin firamare kyauta tun 1955 a zamanin Awolowo, shekara 21 kafin a yi na ƙasa baki ɗaya a 1976. Saboda haka ɗan maƙwabci yakan sami mai duba masa aikin gida, namu kuwa sau da yawa babu. In ya yi shiru a aji sai a ce daƙiƙi ne, alhali harshe ne ya ɗaure shi. Haka za a yi ta ciyar da shi gaba har aji huɗu bai iya haɗa baƙi ba. Ƙarshenta a cire shi, ya koma dako a kasuwa, yarinya kuwa a aza mata talla.

Malamin da zai tara yara arba'in, ya cika allo da rubutu su kwafa, yana kaɗa bulala, bai magance kome ba. Lesin na ƙwarai da gwaji yake farawa. A zauna da kowane yaro shi kaɗai, a ga inda ya tsaya: haruffa ne, ko kalmomi, ko ɗebewa a lissafi? Sa'an nan a raba su gwargwadon abin da suka iya, ba bisa ga ajinsu ba. Da wannan dabara ƙungiyar Pratham ta yi suna a ƙasar Indiya.

Kada kuma iyaye su ɗauka wasa ɓata lokaci ne. Da marafan kwalba ana koyon tarawa da rabawa. Wasan kanti, wannan mai saye wancan mai sayarwa, yana koyar da canji da Turancin ciniki. Tatsuniya da kacici-kacici suna sakin bakin yaro mai kunya, in an fara da Hausa a bi da Turanci.

Muna kira ga Sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan goro da na kara da su haɗa kai, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A sami zaure, a ɗauki samarinmu da 'yan matanmu da suka gama sakandare, a yanka musu albashi. Kada rukuni ya wuce yara goma, kada kuma lokacin ya ci karo da na makarantar allo.

Kai kuma uba, bayan wata uku miƙa wa ɗanka rasit ya karanta maka. A nan za ka san ko kuɗinka ya yi aiki.